Jakar da Ta Sauka a Dosso

Shekarar 1994 shekara ce da talakan Nijar ya ji jiki. Ranar 11 ga Janairu aka taru a Dakar aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, faran guda na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Kafin wata ya zagayo, shinkafa da sukari da magani da kayan gyaran mota duk sun yi tashin gwauron zabo. Ma'aikatan gwamnati kan yi wata da watanni ba su ga albashi ba, malamin makaranta da malamin asibiti duk sunansu na cikin littafin bashin mai kanti. Siyasa ma ta ɗauki zafi, domin ƙawancen da ya kawo Shugaba Mahamane Ousmane mulki a 1993 ya fara tsagewa, har firaminista Mahamadou Issoufou ya ajiye aiki a ƙarshen Satumba. Duk inda ka ga mutum uku a gindin bishiya, da rediyo a tsakiyarsu. A cikin wannan matsi na fara taka Yamai, a cikinsa kuma na ga riƙon amanar da har yau da shi nake auna mutane.

Ni mutumin Tsibirin Gobir ne, ƴar tafiya kaɗan daga Maradi. A Lise Ɗan Baskore na yi karatu, na sami bakaloriya a shekarar, aka ce in tafi Jami'ar Abdou Moumouni in yi rajista. A gidanmu ba wanda ya taɓa kaiwa nan, saboda haka tafiyar ta zama ta dangi duka. Mahaifina ya sayar da rago da wake, Inna ta fito da abin da ta tara daga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, aka haɗa jika arba'in, wato sefa 40,000. Wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ta kawo jika biyar da wasiƙa, ta ce in kai wa ɗanta da ke koyon gyaran mota a Yamai. Inna ta haɗa kuɗin ta naɗe a ƙyallen atamfa, ta ɗaure da baƙin zaren kitso ƙulli uku, ta tura ƙasan wani gwangwanin madara, ta cika shi da yajin ƙuli har baki. Ta ce ɓarawon tasha aljihu yake lalube, ba ya buɗe gwangwanin yaji. Takardar haihuwata da ta shaidar ɗan ƙasa da ta bakaloriya da ƙananan hotuna suna cikin ambulan, an naɗe da leda saboda ruwa. Duka aka zuba a jakar nan mai layi ja da shuɗi da ake kira Gana-mas-go, tare da tufafi da bargo.

Wanda ya saba da manyan motocin kamfanoni na yanzu, masu sanyi da lambar kujera da tikitin kaya, da wuya ya gane yadda tafiyar take a da. Tsakanin Maradi da Yamai kusan kilomita 660 ne. Mai hali ya shiga motar SNTN, mu kuwa sai Hiyas, wadda ba ta tashi sai ta cika ta batse. Ba a barin kowa ya riƙe kaya a cinya. Komai sama ake ɗorawa, a ja tamfol, a ɗaure da igiya. Katin shaida da ƴan canji kaɗai ke aljihu, saboda shingayen jandarma da ƴan sanda da duwan. Muka bi Gidan Rumji, muka tsaya a Madawa masu kuɗi suka sayi kilishi, muka wuce Galmi garin albasa da Malbaza mai kamfanin siminti, muka yi sallah a Birnin Ƙonni. A nan wasu suka sauka wasu suka hau, aka kwance kaya aka sake ɗaurewa. Duhu ya rufe mu wajen Dogon Dutsi, muka shiga Dosso dare ya raba, yawancin fasinja barci ya ci ƙarfinsu. Abin da nake tunawa shi ne hasken tocila yana yawo a saman mota, da muryar yaron mota yana tambaya, "Wannan ta wa ce?"

Da asuba muka shiga tashar Wadata. Aka yi ta sauke kaya, kowa na jan nasa yana tafiya, har saman mota ya zama wayam, sai jaka guda mai layi ja da shuɗi a ƙasa. Ina ɗaga ta jikina ya ba ni. Zik ɗin tawa ya yage a gefe, Inna ta ɗinke wurin da zare, wannan kuwa sabuwa ce ful. Direba ya kira yaronsa, yaron ya dafe kai ya ce a Dosso wani dattijo da ya hau a Ƙonni ya sauka da irinta, cikin duhu kuma ba wanda ya bambance. Ba su san sunansa ba, ba su san garinsa ba. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zube a kan bencin wani mai shayi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jika biyar ɗin matar nan, da fuskar mahaifina ranar da aka ja ragon zuwa kasuwa.

Mai shayin Ba'adare ne, da furfura a gemu. Bai tambaye ni komai ba sai da ya turo mini kofi da guntun burodi. Ya ce, "Sha tukuna, ɗana. Ba a cigiya da yunwa." Da ya ji labarin sai ya haɗa ni da yaronsa ya raka ni Bukoki, gidan Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ke sayar da kwanon rufi da ƙusa a kasuwar Katako. Baƙo ko da ido makaho ne, in ba don yaron nan ba da ban san inda zan dosa ba.

Kawu ya saurare ni har na gama. Sannan ya dubi jakar da na zo da ita ya ce, "Ka buɗe ta?" Na ce a'a. Ya ce, "Madalla. To ka sani, kai ma yanzu mai tsintuwa ne. Yadda kake so a riƙe taka, haka za ka riƙe wannan." Ya rufe rumfarsa ranar, muka koma Wadata wurin sarkin tasha. Sarkin yana da wani ɗan ɗaki a bayan rumfar ƴan kamasho, cike da abin da matafiya suka manta: butoci, tabarmi, sanduna, akwatin ƙarfe, har da keken ɗinki da ya ce ya daɗe yana jiran mai shi. Ya aika aka kira limamin masallacin tasha da direban motarmu, ya ce a gabansu za a buɗe, don kada gobe a ce wani abu ya yi ƙafa. Aka fito da kayan ɗaya bayan ɗaya ana faɗa da ƙarfi: turmin atamfa biyu, takalman roba na yara ƙafa uku, sandunan sabulu, ƙullin albasa, ƙwayoyin zazzaɓi a leda, carbi, da manyan batura guda shida. Babu takarda, babu suna. Sarkin tasha ya ɗauki batir guda yana jujjuyawa, ya ce wa Kawu, "Alhaji, mai batir yana da rediyo. Ku tafi gidan rediyo. Ni kuma zan sa direbobi su bar saƙo a tashar Dosso."

Tashoshin FM masu zaman kansu a lokacin suka fara ɓullowa, muryarsu kuma ba ta wuce kewayen birni. Mai son maganarsa ta kai ƙauye sai Muryar Sahel, inda ake karanta sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da cigiya cikin harsunan ƙasa. Kawu ya biya kuɗin sanarwa, ya ce a karanta da Hausa da Zabarmanci. Ya tsara maganar da kansa: an yi musayar jaka a tashar Dosso daren ranar kaza, cikin motar da ta taso daga Maradi, wanda ya ga jakar da ba tasa ba ya nemi sarkin tashar Wadata, tasa tana nan a ajiye. Ya hana a ambaci kuɗi ko a faɗi abin da ke ciki. Ya ce cigiyar da ta faɗi komai ta koya wa maƙaryaci abin da zai ce.

Daga nan muka je komisariya aka rubuta takardar ɓatan kaya, aka manna tambur. A can na gane girman asarar. Kuɗi ana iya rantowa, amma sake takardun nan na nufin komawa Maradi, a bi ofis-ofis da kotu, a nemo shaidu, kowace takarda da kuɗinta da ranar da za a ce ka dawo. Kafin a gama, lokacin rajista ya wuce, shekara ta tafi.

Aka shiga jira. Matar Kawu ta rataye jakar baƙon a ƙusa can sama inda yara ba sa kaiwa. Albasar kuwa ta fito da ita, kullum da safe ta baza a inuwa ta juya, da yamma ta tattara, don kada ta ruɓe. A gidan da ake auna cefane da dala-dala, ba a taɓa yanka ko guda an sa a miya ba. Na je garejin da ɗan maƙwabciyarmu yake na faɗa masa saƙon uwarsa ya ɓata. Ya goge hannunsa da tsumma, ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya bayyana. Kai da takardunka suka ɓata ai kai ne abin tausayi." Daga ranar duk direban hanyar Dosso da ya kawo mota gyara sai ya ba shi labarin jakar.

Da safe nakan je Wadata in tambaya, mai shayi ya zuba mini ba tare da ya rubuta a littafinsa ba. Daga can in taka in ratsa gefen Babbar Kasuwa, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1982, in gangara Gadar Kennedy in haye Harobanda, inda jami'ar take. Ɗaliban Maradi da suka riga mu suka nuna mini wurin da aka harbi ƴan'uwansu ɗalibai a bakin gadar ranar 9 ga Fabrairun 1990, suka kuma nuna mini layin rajista, ina kallo ƴan ajinmu na shiga suna fitowa da katinsu. Masu ba da haƙuri sun yi yawa, kuma yawancinsu maganarsu guda ce: a wannan marra, wa zai ga kuɗi ya maido? Wani maƙwabcin rumfar Kawu ya ce masa a gabana, "Ka mai da yaron nan gida ya fara neman wasu takardun. Ta tafi ke nan." Kawu ya ce a ƙara haƙuri, mutanen kirki ba su ƙare ba.

Wata rana da hantsi ina taya Kawu ƙirga ƙusa, sai ga yaron mai shayi da gudu, ya ce sarkin tasha na kira. Muka tarar da wani dattijo zaune a tabarma, siriri, da koɗaɗɗiyar riga shuɗiya da rawani, ƙafafunsa sun yi futu-futu da ƙura. Jakata na gabansa, an ɗaure ta tamau da igiyar kaba, hannunsa guda a kanta. Na durƙusa na gaishe shi. Bazabarme ne, Hausarsa ta ciniki ce kawai, sai wani ɗan kamasho ya zama tafinta.

Ya zaro ƙaramin hoto daga aljihu, ya dube shi, ya dubi tsagen da ke kumatuna, ya gyaɗa kai. Na ɗauka shi ke nan, na miƙa hannu. Bai ɗaga nasa daga kan jakar ba. Ya ce fuska ta yi daidai, amma in faɗi abin da ke ciki. Na lissafa tufafi da bargo da ambulan. Ya ce saura. Na ce gwangwanin yaji. Ya ce me ke ƙarƙashin yajin? Na ce ƙullin atamfa. Wane launi? Kore mai ɗigon rawaya. Da me aka ɗaure? Baƙin zaren kitso. Ƙulli nawa? Uku. Sai ya sauke ajiyar zuciya, ya kwance igiyar da kansa, ya turo mini jakar da hannu biyu. Liman ya ce a juye yajin a takarda. Ƙullin Inna ya faɗo, yadda ta ɗaure shi haka yake, ƙulli uku, ba wanda ya kwance. Sarkin tasha ya ce in kwance in ƙirga a gaban jama'a. Jika arba'in da biyar cif, da wasiƙar matar nan a naɗe. Daga nan Kawu ya ce wa dattijon, "To Baba, kai ma sai ka faɗi naka." Ya yi murmushi ya lissafa, tun daga atamfa har batura shida, aka ɗauko jakarsa daga gidan Kawu aka miƙa masa. Da ya ga albasarsa a bushe lafiya, ya tambayi wa ya kula da ita, ya yi ta sa wa matar Kawu albarka.

Sai da aka kawo shayi ya ba da nasa labarin. Ƙauyensu yana can gefen hanyar Dosso zuwa Gaya. Ya je Ƙonni sayayyar auren ƴarsa, don kaya sun fi araha a bakin iyakar Najeriya. Sai da gari ya waye iyalinsa suka taru a ga tsaraba, aka buɗe aka ga kayan wani. Bai iya karatun boko ba, sai ya ɗauki ambulan ɗin ya kai wa malamin makarantar ƙauyen, wanda shi ma ya daɗe rabonsa da albashi. Malamin ya karanta ya ce masa, wannan wahalar shekara goma sha uku ce ta ɗan wani, in ta ɓata an karya shi. Gwangwanin kuwa ya zura yatsa ne ya ga ko da wata alama a ciki, ya ji ƙulli, ya ciro ya duba, ya san ko mene ne, ya mayar da shi ya rufe murfi. Ya ce tun daga daren bai ƙara barcin kirki ba, da jakar yake matashin kai.

Lokacin girbin hatsi ne, daminar shekarar kuma ta yi kyau, kowane hannu ana bukatarsa a gona. Duk da haka ya bar aiki ya je tashar Dosso ya yi tambaya, wani mai shayi ya ce masa lalle direbobi sun bar saƙo daga Wadata. Direbobin suka ce ya kawo su kai. Ya ƙi, ya ce bai zarge su da komai ba, amma abin da ke ciki ya fi ƙarfin aike, hannu da hannu zai ba mai shi. Kuɗin mota ne ba shi da su, sai ya koma gida. Da dare a ƙofar gidan maƙwabcinsa, tunda nasa baturan suna Yamai, ya ji cigiyar da Zabarmanci. Washegari ya kama zabi ya sayar, ya hau mota, kilomita kusan 140 daga Dosso, zuwa birnin da bai san kowa ba.

Kawu ya ware jika biyar daga aljihunsa ya ajiye a gabansa. Dattijon ya ture da bayan hannu. Kawu ya ƙara matsawa, shi kuma ya ƙara turewa, har fuskarsa ta fara canzawa. Sai ya nuna tsagena ya faɗi wata magana da ta sa duk rumfar ta kwashe da dariya. Tafinta ya ce, "Wai tun da ya ga hoton ya san Bagobiri ne, bawansa. Yaushe ubangida ya fara karɓar lada don ya tsare kayan bawansa?" Gobirawa da Zabarmawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, wasan da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Da wannan wasa ya rufe maganar tukwici ba tare da ya kunyata Kawu ba. Liman ne ya raba gardama. Ya ce, "Malam, ladanka yana wurin Allah, ba mai biyan ka. Amma kuɗin motar da ka kashe hakkinka ne a kan mai kaya. In ka ƙi karɓa ka bar yaron nan da nauyi." Sannan ya karɓi kuɗin mota zuwa da komawa, da goro. Ya kwana gidan Kawu, aka yi tuwo da miyar kuka, da asuba muka raka shi tasha. Na ce, "Baba, ban san da bakin da zan gode maka ba." Ya dafa kaina ya ce in yi karatu, in kuma na zama babban mutum kada in ci kayan talaka. Ban sake ganinsa ba.

Na yi rajista a makon. Na kai wa ɗan maƙwabciyarmu jika biyar ɗinsa da wasiƙar uwarsa, tana ƙamshin yaji.

Da na girma na zauna gaban malamai, sai na tarar da duk abin da aka yi a rumfar nan a rubuce. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Bukhari da Muslim akwai hadisin Zaidu ɗan Khalid al-Juhani, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da cewa mai tsintuwa ya kiyaye siffar mazubin abin da ya tsinta da maɗaurinsa, ya yi cigiya shekara guda. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Maradi da Damagaram da Dosso da Kano, ta kawo hukuncin: a yi cigiya inda ake sa ran samun mai abu, wanda ya siffanta mazubi da maɗauri a ba shi, in shekara ta cika bai zo ba mai tsintuwa na iya sadaka da shi amma yana lamuni in mai shi ya bayyana. Tambayar launin ƙyalle da yawan ƙulli da dattijon ya yi mini, fiƙihu ne tsantsa. Ko bai taɓa buɗe Risala ba, karatun ya iso shi ta bakin limamin ƙauye da iyaye da maƙwabta, har ya zama ɗabi'a.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari shi ne, mayar da tsintuwa aiki ne mai cin lokaci da kuɗi da barci. Mutane da yawa ba za su saci abin wani ba, amma kaɗan ne za su bar girbi su sayar da zabinsu don su nemo mai shi. Kuma dattijon, duk da shi ya ɗauki kaso mafi nauyi, da shi kaɗai ne da jakar ba ta iso ba. Sai da malamin ƙauye ya karanta, mai shayin Dosso ya riƙe saƙo, direbobi suka kai magana, mai karanta sanarwa ya faɗa da harshen da za a ji, sarkin tasha ya tanadi ɗaki da shaidu, liman ya san hukunci. Kowannensu talaka ne, kowannensu shekarar ta matse shi, ba kuma wanda ya nemi ko dala. Shi ya sa har yau ba na yarda in an ce talauci ne ke sa mutum cin amana. Na ga lokacin da ake cikin babu, na kuma ga abin da masu babu suka yi.

Ban ce kowa haka yake ba. A Wadata da Katako akwai masu yankan aljihu a lokacin, yanzu ma akwai, ni ma daga baya na yi asarar abubuwan da ba su dawo ba. Sai dai mun fi saurin munana zato fiye da yadda mutane suka cancanta. A 2019 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi da walat fiye da 17,000 a birane 355 na ƙasashe 40. Aka riƙa miƙa su a bankuna da otal-otal da ofisoshi a matsayin tsintuwa, wasu da kuɗi wasu babu. A ƙasashe 38 an fi neman mai walat in da kuɗi a ciki. A jimlar ƙasashen duka, kusan kashi 51 cikin ɗari ne, a kan kashi 40 na marasa kuɗi. Masu binciken suka ce mutum yana tausayin mai abu, kuma ba ya son ya dubi kansa a matsayin ɓarawo. Mu a nan kunya da tsoron Allah muke kiran wannan. A Kano ma, a watan Satumban 2023, wani matashi mai tuƙa adaidaita sahu ya mayar wa wani ɗan kasuwa daga Chadi kuɗin da suka kai kusan naira miliyan 15 da ya manta a kekensa, bayan ya ji cigiya a gidan rediyon Arewa.

Yau hanyar ta yi sauƙi. Tun da Celtel ta shigo Nijar a 2001 wayar salula ta bazu har ƙauye. Kamfanonin sufuri irin su Rimbo da Sonef da STM suna rubuta lamba a jikin kaya su ba ka tikiti. Uwa ba ta bukatar ɓoye kuɗi a gwangwanin yaji, sai ta tura ta Nita ko Al Izza ko Amana ɗanta ya karɓa a Yamai. Katin shaidar da aka tsinta a tasi ana ɗaukar hotonsa a sa a WhatsApp ko Facebook, kafin la'asar mai shi ya ji. Abin da dattijon nan ya sayar da zabi don ya yi, yanzu kiran waya guda ne. Don haka uzurinmu ya ragu ƙwarai. Amma na sha jin samari a fada suna kiran wanda ya mayar da tsintuwa wawa, suna cewa Allah ne ya ba shi ya ƙi karɓa. Wannan magana tana ƙona mini rai, domin yaron da ya tashi yana jin ta, ranar da ya hau kujerar ofis da ita zai auna baitulmali.

Gyaran daga gida yake farawa. Yaro in ya shigo da dala ashirin ya ce tsinta ya yi, a tashi a raka shi inda ya tsinta a yi cigiya, ya gani da idonsa cewa abin da wahala kuma ana yi. Limamai su riƙa karantar da babin tsintuwa kamar yadda suke karantar da na alwala. Kowace tasha da kasuwa ta tanadi wurin ajiyar abin da aka manta, da mutumin da aka yarda da shi, da littafi. Wanda aka maido wa kayansa kuma ya biya ɗawainiyar da aka yi, ya faɗi alherin a bainar jama'a, don masu tasowa su san cewa wannan shi ne halin mutanenmu. Dattijon nan da sarkin tasha da liman da Kawu, a shekarunsu na lokacin, da wuya a ce akwai wanda ya rage a cikinsu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya saka musu da mafificin alheri, ya sa ƴaƴansu da jikokinsu su faɗa hannun masu amana a duk hanyar da suka bi.